Gyadar Asusun Marayu

Ƙarfe goma na safe ne, ranar Asabar. Hadari ya haɗo daga gabas tun asuba ya tsaya cak a kan Fagge, bai zubo ba, bai kuma watse ba, sai zafi da ya danne gari har ganye ba ya motsi. Abdulgani ya fito daga gida sanye da rigarsa ta zuwa Juma'a, ya nufi siton Alhaji Mala da ke bayan kasuwar Sabon Gari. A hankali yake tafiya, don shi duk abinsa a hankali yake yi.

Ɗinkin buhu ne aikin Abdulgani a tashar jirgin ƙasa. In buhun gyada ya yage wajen lodi, shi ake kira ya zo da basillarsa ya sa masa faci. Bahago ne, saboda haka ɗinkinsa karkacewa yake yi ta hagu, ko cikin buhu ɗari ka ga nasa za ka gane. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya wagunu biyu suka matse mahaifinsa a tashar nan, ya rasu nan take. Abin da ya ciyar da shi da Innarsa bayan haka shi ne Asusun Marayu.

Asusun Marayu ƙungiya ce ta ƙananan ma'aikatan tasha, leburori da 'yan kwal da masu gyaran inji. Kowa yakan sa ɗan abin da ya samu duk wata, in wani ya mutu a taimaki matarsa da 'ya'yansa. Akwai mutanen Fagge a ciki, akwai na Sabon Gari. Ko lokacin rikicin da aka yi tsakanin unguwannin biyu shekara biyu da suka wuce, asusun bai fashe ba. Wata uku aka yi ba a zauna ba, a na huɗu kowa ya dawo kan bencinsa, ba mai iya kallon idon wani, aka ci gaba.

Da kuɗin suka ɗan taru sai aka ga bai kamata su yi ta kwana a akwati ba, gara a juya su. Amma aka kafa doka. Goni, shugaban ƙungiyar, dattijo ne ɗan asalin Barno, ya ce kuɗin marayu ba sa shiga giya, ba sa shiga riba ta bashi, ba sa shiga caca. Baba Alfred, ma'aji, tsohon akawun tasha mutumin Wusasa, ya yarda, bayan rikici kuma ya ƙara da cewa ba sa shiga cinikin adda ko wani makami. Wata mai otal ta taɓa cewa a ba ta ta ninka su cikin shekara, aka ƙi. Da Alhaji Mala ya zo da maganar gyada kuwa, kowa ya ji daɗi. Gyada ai liman na ci, fasto na ci. Ba wanda ya ga abin tambaya.

Akwai kuma al'adar da suke kira ganin ido. Kafin a karɓi riba, akan zaɓi mutum ɗaya ya je ya duba sana'ar da aka sa kuɗin, ya sa hannunsa a cikin kayan, sannan ya tashi a gaban taro ya ce, "Na je, na gani, na sa hannu, ban ga abin kunya ba." In bai faɗi haka ba, ba a taɓa ko anini. Shekara da shekaru abin ya zama ziyara kawai, a ba ka fura ka sha, a ba ka goro, ka dawo ka faɗi kalmomin. Bana Abdulgani aka zaɓa, don shi ne maraya na farko da asusun ya raina har ya kama aiki.

Tun kafin ya isa ƙofar siton ya ji wani abu bai yi masa daidai ba, ya rasa ko mene ne. Sai da ya tsaya ya gane. Shiru ne. Duk inda ake ajiye gyada a Kano tattabaru ba sa barin wurin, da tsuntsaye, da kajin maƙwabta. Nan ko ɗaya babu. A bakin kwata ya ga mataccen ɓera. Gaba kaɗan ya ga wani, da wani, sun kumbura.

"A'a, ɗan Inna! Yau kai ne alƙalinmu?" Alhaji Mala ne ya fito yana dariya, babban mutum mai faɗin kafaɗa. Shi ya ba Inna ɗaki a gidansa na haya ba a biyan komai, shi kuma ya yi wa Abdulgani magana wajen helma, shugaban leburorin tasha, aka ɗauke shi aiki. "Shigo, shigo. Ka ga har da rigar Juma'a. Kai, a kawo wa alƙali fura!"

Abdulgani ya durƙusa ya gaishe shi. Suka shiga ciki. Buhuna ne jere har kusa da rufi.

"Arba'in ne, ɗaya ya fita," in ji Alhaji. "Goma sha biyu na uwayen marayu ne, kowace buhu guda, su yi mai da ƙuli-ƙuli su sayar. Sauran in sayar a kasuwa, riba ta shiga asusu. Bana za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba. Sa hannu mana."

Abdulgani ya tura hannu cikin buhun da aka buɗe masa. Tsaba ce mai kyau, manya-manya, ba ƙwaro ko ɗaya. Ya ɗago hannun kusa da fuskarsa, ya ji wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, kamar na kananzir amma da ɗaci. Sai idonsa ya faɗa kan gefen buhun. Akwai faci. An juya buhun ciki ya koma waje, amma ɗinkin na nan, ya karkace ta hagu. Ya dubi na kusa da shi, shi ma haka. Na sama ma haka.

Ya san ranar da ya yi ɗinkin nan. Mako uku da suka wuce wata ganga ta maganin ƙwari, irin wanda ake fesa wa dalar gyada, ta suɓuce daga wagunu ta fashe a kan buhu arba'in, ta jiƙe su sharkaf, ta yaga wasu. Leburori biyu da suka ɗaga su da farko amai suka yi ta yi, ɗaya sai da ya kwana uku a asibiti jikinsa na karkarwa. Baturen lodi ya sa aka shafa wa kowane buhu jan fenti, ya ce a kai daji a ƙona. Abdulgani ya ɗaure hancinsa da tsumma ya yi wa yagaggun faci don a iya ɗauka. Helma ne ya tafi da su a mota.

Ga su nan, ba a ƙona ba.

"Baba Alhaji," ya ce, "wannan gyadar ta ina ce?"

Alhaji ya dube shi, ya ɗan jima yana dubansa. Dariyar ba ta bar bakinsa ba, amma ta bar idonsa.

"Ta ƙasa ce, kamar kowace gyada. Yaya Inna? Ɗakin nan ba ya yoyo ko? Damina ta zo, in akwai inda ya tsage ka faɗa min in sa a yi yaɓe. Jiya ma na ga helmanku, ya ce kana ƙoƙari. Na ce masa ai ɗana ne."

"Na gode, Baba Alhaji."

"Sha furarka."

Ya kai ƙwaryar baki da hannun da bai taɓa gyadar ba, ya kurɓa sau ɗaya. Ya ajiye ta.

"Ka ce ɗaya ya fita?"

"Fanta ce ta matsa min, wai tukunyarta ta kwana biyu a kife. Jiya na aika mata nata. Sauran gobe bayan taro, amalanke zai bi gida-gida."

Abdulgani bai san yadda ya yi sallama ba. Ya dai ga kansa a kan hanyar Kwaciri, unguwar su Fanta, kuma ranar mutanen da suka san shi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Abdulgani yana gudu.

Fanta matar wani ɗan kwal ce da ya rasu bara, ya bar ta da 'ya'ya uku. Ya same ta a tsakar gida, ta kwance bakin buhun, tana bakace da faifai. Kajinta huɗu suna tsattsagar abin da ke zuba ƙasa. Autarta Bintu, 'yar shekara huɗu, tana zaune a gefe, hannunta a dunƙule.

Bai ko yi sallama sosai ba, ya durƙusa gaban yarinyar ya buɗe hannun. Tsaba biyar ce a ciki, sun jiƙe da gumi.

"Ta ci?" ya ce. "Yaya Fanta, ta ci?"

"Kai lafiya? Ka shigo kamar an koro ka. Na hana ta, ɗanyar gyada zawo take sa ta. Ɓoyewa ta yi, ɓarauniya."

Ya buɗe bakin Bintu ya duba, yarinyar ta fara kuka. Ya ɗebo ruwa a randa ya wanke mata hannu, ya sake wankewa, ya wanke nasa. Fanta ta ajiye faifai tana kallonsa.

"Yaya Fanta, don Allah kada ki soya gyadar nan sai bayan taro."

"Saboda me? Yau zan soya, gobe in daka, jibi in shiga kasuwa. Masu tsire biyu na jiran ƙuli-ƙulina."

Ya buɗe baki zai faɗa, sai fuskar Alhaji ta faɗo masa, da ɗakin Inna, da helma. Kuma wani tsoron ya sake kama shi. Ɗinkinsa ne a jikin buhunan. In magana ta kai ga 'yan doka, wa za a fara kamawa in ba mai ɗinkin ba? Wa zai yarda cewa bai san inda aka kai su ba?

"Doka ce," ya ce. "Ba a taɓa kaya sai ɗan ganin ido ya yi magana."

"Yau na fara ji. Wato ganin idon naka har turmina ya shafa? An ba yaro sarauta ta kwana ɗaya, ga shi ya fara da ni."

"Don girman Allah, Yaya Fanta. Kwana ɗaya ne."

Ta ga da gaske yake. Ta yi tsaki, ta juye abin da ke faifai cikin buhun. Shi kuwa ya zaro basillarsa daga hula, inda take zama kullum, ya ɗinke bakin buhun tsaf, ɗinki biyu, yadda yaro ba zai iya zura yatsa ba. Ya share abin da ya zube ya kai masai. Kajin dai sun riga sun cika maƙoshi.

Da magariba Inna ta kawo masa tuwo, tana ta fara'a. Ta nuna masa turmin atamfa da ƙullin goro da Alhaji ya aiko mata da su da rana. Ya zauna yana kallon tuwon. Daga baya ya faɗa mata komai, a hankali, kansa a ƙasa. Inna ta ɗaga kai. Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi gadonta, ta dubi randar da ta kafa a lungu shekara goma.

"To ina za mu?" ta ce.

"Ban sani ba, Inna."

"Ci tuwonka, zai huce."

Bai ci ba. Washegari da zai fita taro, tana shara, ba ta ɗago ba ta ce, "Atamfar nan ban yanka ba tukuna."

Ranar Lahadi bayan la'asar ake taro, a rumfar kwano da ke bayan gidan Baba Alfred, daidai inda Sabon Gari ta ƙare Fagge ta fara. Hadarin jiya na nan, ya ƙara baƙi. A ƙofa amalanke biyu na tsaye, an ɗora buhu goma sha ɗaya an lulluɓe da tamfol. Maza suka cika bencina, uwayen marayu suka zauna kan tabarmi a baya. Abdulgani ya nemi Fanta da ido har ya gan ta, Bintu na cinyarta tana wasa da ɗankwali. Sai a lokacin ya saki numfashi.

Goni ya buɗe da addu'a. Baba Alfred ya gyara tabarau ya karanta dokar kamar kullum, ba giya, ba riba ta bashi, ba caca, ba makami. Sannan ya faɗi ribar da Alhaji Mala ya ce za a samu bana. Wuri ya ɗauki sowa. Celestine, wani ɗan Sabon Gari mai gyaran inji, wanda ba ya iya zama bai yi tsokana ba, ya ce, "Alhaji, ko ni ma in mutu ne matata ta samu buhu?" Aka yi dariya, har Goni ya murmusa.

"Ɗan ganin ido," in ji Baba Alfred, "tashi ka sallame mu kafin ruwa."

Abdulgani ya miƙe. Alhaji na zaune a bencin gaba, carbi a hannu, ya juyo yana masa murmushi.

"Na je," ya ce. "Na gani. Na sa hannu."

Ya tsaya. Yayyafi ya fara ƙwanƙwasa kwano ɗaya-ɗaya. Kalma biyar suka rage, kowa a wurin ya san su, wasu ma har sun fara motsa baki suna taya shi. Ta ƙofar rumfa yana hango ƙafar amalanke.

"Ya manta," in ji Celestine. "A ba shi ruwa."

"Ban manta ba," in ji Abdulgani. "Baba Goni, ku gafarce ni. Ba zan iya ƙarasawa ba. Gyadar nan guba ce a jikinta."

Ya ba da labarin gangar da ta fashe, da leburori biyu, da jan fenti, da facin da ya yi da hannunsa. Bai dubi Alhaji ba ko sau ɗaya.

"Kai, yaro!" wani lebura ya ce daga baya. "Mutumin da ya ba uwarka ɗaki?"

"Ku bar shi," in ji Alhaji, a natse. "Zafi ne ya taɓa shi. Jiya ma na ga idonsa ba daidai ba."

"A sauko da buhu ɗaya," in ji Abdulgani. "A juye, a juya cikinsa."

Goni ya ɗaga kai, mutum biyu suka fita suka kinkimo buhu. Aka shimfiɗa tamfol, Abdulgani ya farke bakin, aka juye. Celestine ya tura hannu ya juyo cikin buhun. Ga jan fenti nan, babba, an gicciya shi daga sama har ƙasa.

"Tsofaffin buhuna na saya," in ji Alhaji. "Wa bai san ana sayar da tsohon buhu a tasha ba? Buhun daban, gyadar daban."

Wasu suka gyaɗa kai. Abdulgani ya dubi buhun. Ba shi da sauran abin nunawa.

Sai murya ta taso daga kan tabarma. Fanta ce, tana magana kamar da kanta take.

"Kajina huɗu na wayi gari na tarar sun mutu. Ƙafafunsu a sanƙare. Na ɗauka annoba ce." Ta tsaya. Ta dubi gyadar da ke kan tamfol, ta dubi Bintu. Sai ta fizgo yarinyar ta rungume ta da ƙarfi har ta sa ta kuka. "Innalillahi! Jiya a hannunta take! A hannunta!"

Mata suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Goni ya yi ta buga sandarsa a ƙasa kafin a yi shiru.

"Alhaji Mala," ya ce, "faɗi gaskiya, akwai Allah."

Alhaji ya share gumi da gefen rawaninsa. "Kwana bakwai na shanya ta a rana. Bakwai! Warin ya fita. In aka soya, wuta za ta cinye sauran. Kaza ai ba mutum ba ce. Ku kuna tsammani ribar nan daga sama ta faɗo? Da arha na samo, don marayun nan na yi. Kuma Malam Alfred, karanta dokarka. Giya ce? Caca ce? Wace na karya?"

Baba Alfred ya dubi takardar ya daɗe. "A rubuce dai, ba ka karya ko ɗaya ba," ya ce. Ya cire tabarau. "Wannan shi ne abin kunyar."

"Laifinmu ne," in ji Goni. "Sunan sana'a muka tambaya, muka ji ya yi mana daɗi. Ba mu taɓa tambayar abin da ke cikin buhu ba."

Celestine ya duƙa ya cika tafinsa da tsabar, ya je gaban Alhaji ya miƙa masa. Wannan karon ba dariya a fuskarsa. "Ranka ya daɗe, ga wuta can a kicin ɗin gidan Baba Alfred. In soya maka? Ka ci, mu ma mu ci."

Alhaji ya dubi hannun. Bai karɓa ba.

Sai leburan nan na baya ya sake tashi, ya ce shi yana da shawara. Kada a ba matan gyadar, wannan an gama. Amma Alhaji ya sayar da kayansa a kasuwa, ya kawo wa asusu kuɗinsa da ribarsa, kowa ya huta. Mutane da yawa suka ce haka ne. Damina ce, hatsi ya yi tsada, gida goma sha biyu na jira.

Abdulgani bai zauna ba tun ɗazu. Ya ji bakinsa na magana.

"To wa zai saya? Masu ƙuli-ƙuli ne za su saya, na Fagge da na Sabon Gari. Yara ne ke cin ƙuli-ƙuli. Ni da kuɗin asusun nan na girma. Da na san da irin wannan aka ciyar da ni..."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, har sai da aka dakata don ba a jin magana. Da ya ɗan tsagaita, Goni da Baba Alfred suka haɗa kai suka yi shawara ƙasa-ƙasa, sannan Goni ya faɗi abin da suka gani. Ba za a karɓi riba ba. Buhu arba'in ɗin duka za a ƙona gobe, a gaban mutum huɗu na ƙungiya. In an yi haka magana ba za ta je wajen hukuma ba.

"To ku sani," in ji Alhaji, "rabin kuɗinku na cikin buhunan nan. In kun ƙona, kuɗin marayu kuka ƙona."

"Mun ji," in ji Baba Alfred. Ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a hankali, wasu da ƙyar, wasu ba su tashi ba sam. Amma sun fi rabi. Ya ɗauki alƙalami ya ƙara layi a ƙasan dokar, ya karanta da ƙarfi: kuɗin marayu ba sa shiga abin da mai sayarwa ba zai ba ɗansa ya ci ba. Aka kuma ce daga bana mutum biyu ne za su riƙa zuwa ganin ido, ba tare da an sanar da rana ba, kuma ba za su sha furar kowa ba.

Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga. Da ya zo daidai Abdulgani ya tsaya, bai ɗaga murya ba. "Ƙarshen wata ina son ɗakina."

Ranar Litinin aka ƙona gyadar a wani fili bayan Kwaciri. Ta daɗe tana ci saboda mai, hayaƙin baƙi ƙirin, kowa ya koma bayan iska ya toshe hanci. Inna ta mayar da atamfar da goron. Ranar Talata Abdulgani ya je tasha, helma ya ce yau babu yagaggen buhu. Laraba ma haka ya ce, alhali ga su nan tuli a bayansa. Celestine ya ce zai tambaya ko ana neman mai shara a wajen gyaran inji, amma bai yi alkawari ba. A unguwa wasu sukan gaishe shi da hannu biyu, wasu kuma in sun hango shi sai su shiga gida. Uwayen marayu ba su sami komai ba wannan daminar sai ɗan abin da aka saba ba su, shi ma an rage.

Ranar Alhamis da hantsi, suna ɗaure kaya shi da Inna, ya dubi kajinta biyu da ke kiwo a bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, a ba ni mai wake-waken nan." Ta ce, "Ɗauka, ita ce mai ƙwai."

Ya saƙale ta a hammata ya tafi Kwaciri a hankali. Ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Fanta na zaune bakin murhu, tukunyar suya na kife a gefe, ta yi ƙura. Ta dube shi, ta kau da kai. Masu tsiren nan biyu sun koma wajen wata. Bintu ta rugo ta riƙe masa riga tana leƙen abin da ya ɗauko.

Ya duƙa ya kwance zaren da ya ɗaure ƙafafun kazar, ya sake ta. Ta girgiza jiki, ta ɗan tsaya, ta fara tono a gindin randa. Ya jira kaɗan. Fanta ta ci gaba da tura kara cikin wuta.

Da ya juya zai fita ta ce, ba ta ɗago ba, "Ja ƙyauren nan, kada ta fita."

Ya ja ƙyauren, ya danna shi sosai yadda iska ba za ta buɗe ba, ya kama hanyar Fagge.